Ranar da Na Juya Wuƙar Andarawus

Rigimata ta farko da Andarawus likitan shanu a kan yatsana aka yi ta, kuma bayan shekara huɗu rigimar nan saura ƙiris ta ci ransa. Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, faɗa nake ana rubutawa, don haka in kun ga magana ta karkace, haka ta fito daga bakina.

Wanki nake yi a lokacin, a bakin Komadugu, ƙasan garin Diffa. Mijina ya rasu ya bar mini gida mai ɗaki biyar, na ba da biyu haya ga Andarawus da matarsa Abigel. Shekarar da aka karya darajar sefa, wata Laraba wajen azahar, na kwance ƙunshin kayansa na ɗauko wandon kakin da yake zuwa aiki da shi. Mai wanki ba ta jiƙa kaya sai ta lalube aljihu. Nan ake samun goro, ashana, takardar da mai ita zai zo yana kuka a kanta, wani lokaci har abin da bai kamata matar gida ta gani ba. A cinyar dama ta wandon nan akwai wani siririn aljihu da tela ya ƙara, zurfinsa bai kai taƙi ba, faɗinsa yatsa uku. Na zura yatsa biyu. Sai na ji kamar harbin kunama.

Wuƙa ce, irin mai naɗewar nan da ake kawowa daga Maiduguri, wadda kaifinta ke kwanciya cikin ƙota. Ta ɗan buɗe baki a cikin aljihun, tsininta na kallon sama, yana jiran yatsan baiwar Allah. Jinina ya ɗiga a farar rigar Alkalin garin da ke gefe, rigar da na sha wuya kwana biyu kafin ta koma fara.

Na ɗaure yatsan da tsumma, na bar wa maƙwabciyata tsaron kaya, na hau gari ko takalmi ban tsaya sawa ba. Na same shi gindin bishiyar bedi a tsakar gida, ya dawo cin abincin rana.

"Kai Ba'are! Tashi ka ga aikinka!"

"Af! Wa ya taɓa mini baiwa?" in ji shi, bai ko ajiye cokali ba.

Shi mutumin Dogon Dutsi ne, ni kuwa Babarbariya, uwata ce kawai ƴar Damagaram. Barebari da Arawa akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Amma ran nan ban zo wasa ba. Na jefa masa wuƙar a gabansa, na kwance tsumman.

Da ya ga jini sai ya miƙe, ya shiga ɗaki ya ɗauko jakarsa. Ya wanke ciwon, ya shafa mini shuɗin maganin nan da yake shafa wa jakuna a gyambo. Yana ɗaurewa ina zazzaga masa.

"Wane irin mahaukaci ne ke sa wuƙa tsini sama? Allura in an soke ta a zane, ƙasa take kallo. Takobi a kube, ƙasa. Ko ƙaya ce mai hankali ya tsinta a hanya, kifa ta yake yi."

"Tubawan hamada fa, Ya Fatime? Wuƙar da suke ɗaurawa a damtse, ina tsininta ke kallo?"

"Tasu a kube take. Kuma ba ni ke wanke musu damtse ba."

Abigel ta tuntsire da dariya daga bakin murhu, ta toshe baki da zane.

Sai ya ɗauki wuƙar ya yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa akuya karatu. A kai ɗaya akwai ƙusar da kaifin ke juyawa a kanta, a ɗaya kan kuma tsini yake kwanciya. Kusa da ƙusar, Mala maƙeri ya dasa masa ɗan ƙullin ƙarfe kamar ƙwayar gero biyu. In ya tsayar da wuƙar a aljihu, ƙusa ƙasa tsini sama, to da ya zura hannu ya zaro, babban yatsansa a kan ƙullin yake sauka. Turawa ɗaya, ta buɗe. Ya yi sau uku a gabana, ko kallon hannun ba ya yi.

"In tsini ƙasa ne," ya ce, "a juye za ta fito. Sai na jujjuya ta a tafi, ko in nemi hannu na biyu. Ni kuwa hannuna na hagu kullum yana kan igiya, kuma a ƙarshen igiyar akwai bijimin da bai san darajar ma'aikacin gwamnati ba."

"To ni da na san darajarka, ga abin da na samu."

Ya ce ai yakan jingina bayan kaifin da ɗinkin aljihu, ɗinkin ya tare ta kada ta buɗe, ƙunshin da aka yi wa wandon ne ya murɗe ta. Na ce in tsini na ƙasa, nauyin ƙarfen kansa ke riƙe ta a rufe, ba ta neman alfarmar ɗinki, kuma ko ta buɗe ba yatsa za ta tara ba. Ya ce cinyarsa za ta tara. Na ce cinyarsa ce, shi ya sani. Muka yi ta yi har tuwonsa ya huce. Abigel ce ta raba mu, ta ce daga yau kafin kaya su fita gidan nan, shi da hannunsa zai cire wuƙarsa. Ya amsa. Ni ban amsa komai ba, don a ganina gaskiya tawa ce, rabin hukunci aka ba ni.

Bari in faɗa muku ko wane ne shi, kada ku ɗauka mugu ne.

Ya sauka Diffa shekara uku kafin wannan, a bayan babbar mota, da akwatin ƙarfe da mata da ɗiya ɗaya a goye. A zamanin nan ma'aikacin da aka turo Diffa, abin da ƴan'uwansa ke fara tambayarsa shi ne, wa ka ɓata wa rai a Yamai? Shi ya ce bai ɓata wa kowa ba, ba shi da wanda zai ce a bar shi ne kawai. Ubansa manomi ne da ya bi addinin Kirista tun zamanin Nasara, shi kuma awakin uban ya fara kiwo kafin a sa shi lakwal. Dogo ne, siriri, ga tafin hannu kamar faifai. A garin da tattasai da barkono ke ciyar da mutane, shi ɗan yaji kaɗan sai hawaye.

Da farko makiyaya ba su yarda da shi ba. Baƙo ne daga yamma, ba ya salla, ga allura kamar ta ɗinkin buhu. A Fulatari, garin makiyaya, in sun hango motar sarwis, wato ma'aikatar dabbobi, sai su kora garke su shige daji, wai allurar na hana shanu haihuwa. Abin da ya canza zance saniya ɗaya ce, ta wani Bafillace mai suna Baƙo. Ɗan maraƙi ya zo a gicciye, an fidda rai, ana ta wasa wuƙar yanka. Andarawus ya tuɓe riga ya durƙusa, hannunsa har kafaɗa a cikin saniyar, tun hantsi har la'asar, yana yi mata waƙar cocinsu a kunne. Ya fiddo maraƙin da rai, uwar ma ta tashi. Tun daga ran nan Baƙo ba ya shigowa Diffa bai sauke mana ƙwaryar nono ba, kuma shi ya riƙa shiga gaba ruga ruga yana cewa a tsayar da shanu, likitan nan nasa ne.

Wuƙar tasa kuwa ba abin da ba ta yi. Ta yanke igiya, ta gyara kofato, ta fasa ƙurji, ya wanke ta ya fere rake da ita. Abu ɗaya ne ba ta taɓa yi ba, yanka. In ya ga dabba ba za ta tashi ba, sai ya ja da baya ya ce wa mai ita, "Kira wanda zai yanka maka tun da sauran numfashi, kada naman ya haramta gare ku." Ko akuyar Kirsimeti mahaucin unguwa yake kira, don maƙwabta su ci ba tare da wasiwasi ba. Da Layya kuma duk ragon unguwarmu sai ya buɗe masa baki ya duba haƙora, kyauta, da dogon surutun da ba wanda ya roƙa. Taurin kai ne aibinsa. In ya ce haka abu yake, ko kogin nan zai koma yamma da gudu ba zai sake ba. Ni ma dai ba a ce mini mai sauƙin kai.

Shekara huɗu ya riƙe alkawarin da ya yi wa Abigel. Ni kuma ban ƙara zura yatsa a aljihun nan ba, ta waje nake shafawa.

Shekarar da kogi ya cika har ya ci gonakin tattasai na bakin gaɓa, kamar wata guda kafin azumi, na shafa aljihun na ji ƙarfe. Ya manta. Na leƙa, ga ta nan yadda na san ta, tsini sama, na zazzage ta a kan rairayi. Na ce a raina, yau na kama ka. Na wanke wandon, na shanya, da yamma na goge shi da dutsen guga, na ɗauki wuƙar na mayar da ita aljihunta. Sai dai na juya ta, tsini ƙasa, yadda ƴaƴan mutane ke yi. Nufina ya zaro ta a gaban mutane ya ga ba ta cije shi ba, in ya dawo in ce masa, to Ba'are, ka mutu? Iyakar abin da ke raina ke nan, Allah shi ne shaida.

Washegari Alhamis da sassafe Baƙo ya yi sallama. Ya sayi wani bijimin Kuri daga wajen Bosso, irin masu ƙahon nan kamar tulu, ƙafarsa ta kumbura, tsutsa ta shiga. Garken na bakin kogi ta wajen Gagamari. Andarawus ya fito yana ɗaura ɗamara, wandon da na goge ne a jikinsa. Ina zaune ina tsince shinkafa na ga ya kai hannu ya dafa aljihun ta waje. Ya ji tana nan. Bai zaro ba.

"Ya Fatime, a yi mana addu'a," ya ce, yana tura motonsa, wato babur ɗinsa, waje.

"Allah ya kiyaye bijimin," na ce.

Ya yi dariya, Baƙo ya hau bayansa, suka tafi. Ni ma murmushi nake, ina jiran yamma.

Azahar ba ta yi ba sai ga Baƙo ya dawo shi kaɗai, a bayan motar ƴan tattasai, ba hula, rigarsa jiƙe da laka har wuya. Ya tsaya tsakar gida ya kasa sallama. Abigel ta fito da ludayi a hannu.

Ga abin da ya faɗa. Sun sa wa bijimin igiya a ƙaho, mutum huɗu, za su kayar da shi. Da likita ya taɓa ƙafar sai bijimin ya zabura ya watsar da su. Igiyar ta yi zarge a wuyan hannun Andarawus na hagu. Shanun Kuri kuwa ba kamar namu ba ne, in sun tsorata ba daji suke nufa ba, ruwa suke faɗawa, don a ruwa suka tashi. Ya ja shi a ƙasa har gaɓa, ya faɗa kogi da shi, ya kama iyo. Baƙo ya bi su har ruwa ya kai masa wuya, shi kuma bai iya ruwa ba. Bijimin ya fita a tsallake, can gefen Najeriya, amma mutum ba a ga fitarsa ba.

Na ce, "Wuƙarsa fa? Bai ciro ba?"

"Ya ciro, Inna. Da idona na gani. Hannunsa ya fito sama da ita, yana ta dannawa, yana ta dannawa, ba ta buɗe ba. Sai ruwa ya rufe shi." Ya share fuska. "Shekara nawa ina ganin wuƙar nan, kafin ka ƙifta ido ta buɗe. Yau kuwa ta ƙi. Ajali ke nan."

Ba ajali ba ne. Yatsansa na neman ƙulli a inda ya saba samunsa, ni kuwa na mayar da ƙullin can ƙasan tafinsa.

Kafin a jima gida ya cika. Mutanen cocinsu suka zo da fastonsu, mazan unguwa suka bi gaɓa da gora da dogayen sanduna, sarwis ya ba da mota. Mata suka zauna a tabarmi ana ta salati a gefe ɗaya, ana waƙa ƙasa-ƙasa a ɗaya gefen. Ni da aka sani da baki, ko tari ban yi ba, har wata ta ce ashe Ya Fatime na ƙaunar ɗan hayar nan nata haka. Abigel ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado, ta ɗora hannu biyu a gwiwa.

Na bi ta. Na sakaya ƙofa. Ban san yadda ake lallaɓa irin wannan magana ba, don haka na ajiye ta yadda take.

"Ɗiyata, ni na juya wuƙar. Ya manta ta a wanki, na mayar da ita tsini ƙasa. Da safe na ga ya dafa aljihun, ban faɗa masa ba."

Ta ɗago ta dube ni. Na shirya wa mari, na shirya wa ihu, da ta fita ta faɗa wa jama'a ma ba zan ce ta zalunce ni ba. Ta daɗe tana kallona.

"Inna," ta ce, "je ki ɗora ruwa a wuta. In ya dawo sanyi zai ji."

Na fita na ɗora ruwa. Ya tafasa, na ƙara, ya tafasa, na ƙara. Itacen kwana uku na ƙone ran nan. Ina tura itace ina cewa, ya Allah, ni ce mai laifi, kada ka karɓa a jikin bawanka, yana da mata da ɗiya. Ban taɓa roƙon Allah a kan Ba'are ba sai ran nan.

An idar da la'asar ke nan muka ji hayaniya daga bakin titi, hayaniyar kuma ba ta gawa ba ce, kunnen tsohuwa ya san bambanci. Amalanken jaki ne ya shigo lungu, jama'a na biye. A kai ga Andarawus a kishingiɗe, an lulluɓe shi da buhunan kifi, leɓensa a fashe, hannun hagu ya kumbura kamar ɗan tulu. Mai jan jakin wani masunci ne, Kalli, shi ya tsince shi a cikin ciyawar ruwa can ƙasa, a gefen Najeriya, ya matse masa ciki ya amayar da rabin Komadugu. Abin da ya jinkirta su, sai da aka nemo jirgin da zai ƙetaro da shi.

Na zauna daɓas a ƙasa kusa da murhu, ina dariya hawaye na zuba. Abigel ta wuce ni da gudu. Ruwan zafin nan kuwa ya yi amfani, da shi aka gasa masa jiki kafin a wuce da shi gidan likita.

Kwana uku ban je duba shi ba. Na aika kunu, na aika farfesun kifi ba yaji, ni dai ban je ba. Ran na huɗu Abigel ta tsaya ƙofar ɗakina ta ce, "Yana tambayar baiwarsa." Na yafa mayafi na bi ta.

Na same shi an naɗe hannun, haƙorinsa ɗaya na gaba ya karye rabi, in ya yi magana sai iska ta riƙa fita da ɗan fito. Yana ba abokan aikinsa labari, karo na nawa ban sani ba. Ya ce da ya danna ya ji wayam, ya sake dannawa wayam, sai ya gane a juye take. Hannu ɗaya, cikin ruwa, bijimi na fizga, in ya ce zai jujjuya ta a tafi za ta suɓuce. Sai ya kai ta baki ya cije, ya sake kamawa ta daidai, ya tura, ta buɗe. A nan haƙorin ya tafi. Ya yanke igiyar, daga nan bai ƙara sanin komai ba sai fuskar Kalli.

Da baƙin suka fita sai fuskarsa ta canza. Ya ce, "Abin da ke hana ni sukuni, Ya Fatime, shekara ashirin hannun nan bai taɓa sa ta a juye ba. Ko cikin barci aka tashe ni. In har na fara irin wannan mantuwa, to tsufa ya zo, gara in koma tebur in riƙa buga hatimi tun ban kashe wani ba."

Na dubi Abigel. Tana gyara masa matashi, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ashe ba ta faɗa masa ba. Ta bar mini kayana in ɗauka da kaina.

"Ba tsufa ba ne," na ce. "Hannunka lafiyarsa lau. Mantuwarka ɗaya ce, ka bar ta a wanki. Ni na juya ta."

Ya zuba mini ido. Fiton haƙorin ma ya tsaya.

"Kin ga na dafa aljihun da safe."

"Na gani."

"Ba ki ce komai ba."

"Ban ce ba. So nake in ci gardama."

Ya juya fuska ga bango. Na tsaya kaɗan, na ga ba sauran magana, na fito.

Da aka sallame shi ya dawo gida, bai zage ni ba, bai tashi daga gidan ba, bai faɗa wa kowa ba. Abin da ya yi ya fi zagi ciwo. Kullum da safe sai ya tsaya nesa ya ce, "Ina kwana, uwar gida. An tashi lafiya?" Da ladabi, kamar baƙon da ya zo jiya. Ba baiwa, ba Babarbariya, ba tsokana. Kayan wankinsa kuma Abigel ke yi a tsakar gida. Ni da aka ce ba a taɓa rufe mini baki ba, sai in amsa, "Lafiya lau," in shige ɗaki. Duk da haka in na ji tarinsa ta bayan bango sai in ce alhamdulillahi. Mai fushi da kai ai yana da rai.

Haka muka yi har azumi ya raba. Wata safiya ina shara sai na ji ƙunshi ya faɗo gabana, tim.

"Ke baiwa! Kayan ubangidanki sun yi datti, kina nan kina kaɗa ƙura."

Na ɗago. Yana tsaye da wuƙar a hannu, ya ɗaga ta sama don in ga ba ta cikin ƙunshin.

"Wawulo," na ce, "da wannan bakin kake kiran mutane bayi?"

"Na yi shawara da fasto," ya ce. "Ya ce in yafe. Na ce ai Barebari sun daɗe suna neman hanyar kashe iyayengijinsu, wannan ce kawai ta kusa dacewa."

Na ɗauki ƙunshin na ɗora a ka. Sai da na kai bakin kogi na zauna na yi kukan da ban yi ba tun ranar gidan likita, matan wanki na tambaya ko rasuwa aka yi mini.

Gardamar kuwa ba mu taɓa gama ta ba. Har gobe ina nan a kan cewa ɗan kasuwa da malamin lakwal da duk wanda wuƙarsa ba ta wuce feran mangwaro, tsini ƙasa ya kamace shi, don akwai mata da ke lalube aljihu. Ya yarda da wannan rabin. Ni kuma na yarda mai igiya a hannun hagu ya fi ni sanin aljihunsa. Abin da na daina shi ne gyara wa mutum kayan aikinsa ba da saninsa ba, ko da tsintsiya ce.

Bai koma tebur ba. Hannun hagun bai ƙara damƙa sosai ba, sai ya koyi riƙe igiya yadda ba za ta zarge shi ba, ya kuma koya wa makiyaya. Shekara takwas ya ƙara yana yawo tsakanin Fulatari da Bosso, moto biyu suka mutu a ƙarƙashinsa. Bijimin nan ma shi ya ƙarasa yi masa magani, a wannan karon an ɗaure shi a kututturen ƙirya, nesa da ruwa. Ɗiyarsu ta girma a gabana ta tafi karatu Damagaram.

Da ya yi ritaya suka haɗa kaya za su koma Dogon Dutsi. Baƙo ya kawo masa karsana, aka rasa yadda za a sa ta a mota, ya ce a bar ta a garke ta haihu da sunansa. Na raka su tasha da sassafe, ni da rabin unguwa. Abigel ta rungume ni. Shi ya riga ya shiga, gashinsa duk ya yi fari, ya leƙo ta taga yana wannan murmushin nasa mai giɓi.

"Ya Fatime, ba za ki sa wa ubangidanki albarka ba?"

Direba ya riga ya ta da mota. Na matsa kusa don ya ji ni da kyau. Ban ƙara ganinsa ba tun daga ran nan, sai dai saƙon gaisuwa.

"Tafi," na ce. "Da ƙafarka ka zo garin nan, da ƙafarka ka fita, na gode wa Allah. Je ka tsufa a gaban matar nan har ka ishe ta. In mutuwar ta zo, ta same ka a kan gadonka, can garinku na duwatsu inda ba kogi, ba ni."